Manang Lorna, Mai Karanta Gindin Harsashi

Kafin motocin masu tsinkar inabi su gama ficewa daga gari, Lorna Abalos ta riga ta kama hanyar aiki. Takan tsaya a kan kwana wurin matar nan mai burodin sukari, ta sayi guda biyu, ɗaya nata, ɗaya na duk wanda ta tarar yana gadi a bakin ƙofa. Wurin aikin ba wani gini ne da zai ɗauki idonka ba. Ɗakin gwaje-gwajen 'yan sandan gundumarmu yana maƙale ne a bayan filin da ake tara motocin da aka kama, kuma da yawa daga cikinmu mun shekara muna wucewa ta gabansa muna zaton wurin ajiyar fenti ne. Tana shiga sai ta rataye jaka, ta sa farar riga, ta wanke hannu har gwiwa kamar mai shirin karɓar haihuwa, sannan ta ja kujera gaban madubinta.

Madubin nan mai ƙara girman abu ne, amma baki biyu gare shi. A ɗaya bakin takan ɗora kwanson harsashin da aka tsinto inda aka yi harbi. A ɗayan kuma ta ɗora kwanson da ita da kanta ta harba cikin tankin ruwa da bindigar da ake zargi. Duk lokacin da aka ja kunama, wata 'yar allurar ƙarfe ce ke dukan gindin harsashi, kuma kwanson da bindigar ta tofar yakan fito da tabon dukan da ƙarzunan ƙarfen da ya goga. Aikin Lorna shi ne ta jera tabo kusa da tabo, ta duba ko hannu ɗaya ne ya yi su. Wani lokaci abin a fili yake. Wani lokaci kuwa takan wuni a sunkuye har wuyanta ya ƙage, ta miƙe ba ta da amsa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan sunkuyon, kuma a ƙarshen watan jiya ta yi ritaya. Ba wanda zai sa wa titi sunanta. In an kama mai laifi, hoton shugaban 'yan sanda ake bugawa, ita kuwa a kira ta "binciken ƙwararru" a layin ƙarshe. Shi ya sa na ga ya kamata mutanen garin nan su san wace ce ita, tun tana iya jin godiyarmu da kunnenta.

Babanta ya zo kwarin nan daga Filifin yana saurayi, ya tsufa a gonakin mutane, daga inabi zuwa lemo, daga lemo zuwa tumatir. 'Ya'ya biyu suka haifa da matarsa, Lorna da ƙanenta Efren. Tsohon yana da wata doguwar bindiga da yake korar kurege da zomo da ita daga 'yar gonarsu ta bayan gida, kuma da ita ya koya wa yaran harbi. Efren ya tashi da son bindigar. Lorna kuwa kwanson da ke faɗuwa ƙasa ta ƙwallafa wa rai, tana tsintar su tana leƙa gindinsu da tabaran karatun mahaifiyarsu. Da suka girma, shi ya buɗe shagon sayar da bindigogin farauta da kayan kamun kifi a bakin gari, ita ta tafi jami'a ta karanci kimiyya ta dawo. Efren yana kiranta Manang, yadda mutanensu ke kiran babbar yaya, har sunan ya bi ta wurin aiki. Yau 'yan sandan da ba su san kalma ɗaya ta yaren ba, Manang suke ce mata.

Duk Lahadi bayan an tashi daga coci suna haɗuwa a tsohon gidan iyayensu su ci taliya da kaza, kuma ba a taɓa gama cin abincin nan ba tare da tsokana ba.

"Manang, ki riƙa gode min," in ji Efren, yana nuna ta da cokali. "Ni ina sayarwa, ke kina dubawa. Ran da na rufe shago, aikin gadi za ki nema."

"Ran da ka rufe shago zan ɗauki hutun da ban taɓa ɗauka ba," in ji ta. "Miƙo min barkono, sarkin surutu."

Wasa suke yi a lokacin. Abin ya daina zama wasa ne da mutuwar Anselmo Zamudio.

Duk wanda ya yi renon yara a unguwar kudu ya san Anselmo. Shi ne mai tura keken ƙanƙara mai zaƙi a filin shaƙatawa, yana kaɗa 'yar ƙararrawa, kuma ya san wanda ke son na mangwaro da wanda ke son na kwakwa ba sai an faɗa ba. Wata Lahadi da la'asar, ana tsakiyar zafi, fili cike da iyalai, wata mota ta rage gudu a bakin titi. Wani ya miƙo hannu ta taga ya yi harbi kan wasu samari da ke zaune a benci. Bai sami ko ɗayansu ba. Anselmo ya samu, yana sunkuye cikin kekensa yana laluben na mangwaro. Motar ta ɓace. Mutanen da suka ga wani abu tsoro ya rufe musu baki. Abin da ya rage a gefen titi shi ne kwanso uku.

Bayan an binne shi da 'yan makonni, matarsa Graciela, wadda ke aikin shara a gidan kula da tsofaffi, ta yi tambaya har ta gano inda ake kai irin waɗannan abubuwa. Ba a barin jama'a su shiga ɗakin, don haka Lorna ce ta fito ta same ta a bakin ƙofa, cikin rana.

"Señora, an ce ke ce kike riƙe da abin da ya kashe mijina," in ji Graciela, tana kiranta da kalmar girmama mace ta yarensu.

"Kwanson ne a hannuna," in ji Lorna. "Allah ya ba ki haƙuri."

"To me suka gaya miki?"

"Sun gaya min bindiga ɗaya ce, ƙarama, ta hannu. Sunan mai ita ne ba su faɗa ba."

"To ina amfaninsu?"

Lorna ta ce, "In bindigar nan ta shigo ɗakin nan, zan gane ta. Iyakar alkawarin da zan iya yi miki ke nan, kuma ba zan karya shi ba."

Hollis Pruitt, ɗan sandan da aka ba binciken, shi ne shaida a kan abin da ya biyo baya. Ya ce shekara da shekaru, duk ƙaramar bindiga irin wannan da aka kama, ko a hannun ɗan fashi ko a motar mashayi, in Lorna ta gama aikin da aka kawo ta dominsa, sai ta ɗauko kwanson Anselmo ta jera. Kwamfuta na taya ta tacewa, amma ba ta taɓa bar mata hukunci ba. "Ni kaina na fid da rai," in ji Pruitt. "In na gan ta da 'yar ambulan ɗin nan ta kwanson Anselmo sai kunya ta kama ni, in canza hanya."

Ana cikin haka muhawarar dokar hatimi ta sake tashi a jihar. Maganar ita ce a tilasta wa masu ƙera ƙananan bindigogi su zana wata 'yar lamba a kan tsinin allurar nan, ƙanƙanuwa ƙwarai yadda ido ba ya gani, ta yadda duk kwanson da bindiga ta tofar zai fito da hatiminta a gindinsa. Ɗan sanda ya tsinci kwanso, a karanta lamba, a san bindigar da wanda ya fara sayenta, ko da ba a ga bindigar ba. Graciela na jin haka ta ce wannan dokar don Anselmo aka yi ta. Matar da a da ba ta iya ɗaga murya a gaban manajanta, sai ga ta tana shiga motar haya da sauran iyaye mata zuwa Sacramento, babban birnin jihar, riƙe da hoton mijinta. Efren kuwa ya tsaya a ɗaya gefen. A ganinsa dokar ba za ta taɓa ɗan ta'adda ba, talaka mai gaskiya za ta matsa wa, domin kamfanoni za su ƙi ƙerawa, sababbin bindigogi su yi wuya, shaguna irin nasa su mutu a tsaye.

Gidan rediyon garinmu ya shirya zama a zauren wasanni na makarantar sakandare, ya gayyaci kowa, ya roƙi shugabannin Lorna su bar ta ta zo ta yi bayani, tunda ta taɓa gwada wasu allurai masu hatimi da aka aiko don gwaji. Kowane ɓangare ya tabbata tasa ce.

"Manang, kin dai san gaskiya," in ji Efren ana saura kwana kaɗan. "Magagarin gyaran farce ma ya ishe ni. Kafin kofinki ya huce na goge hatimin nan tas."

Graciela kuma ta tare ta a bakin coci, ta kama hannunta biyu. "Ke kika ga abin da idonki. Ki gaya musu, su ji daga bakin wadda ta sani."

Ranar zaman, zaure ya cika har mutane na tsaye a jikin bango. Masu hulunan farauta sun zauna a dama, iyaye mata masu hotuna a hagu, kamar dangin ango da na amarya da ba sa ga-maciji. Lorna ta hau da 'yar rigar sanyinta, ta gyara abin magana ya dawo daidai tsayinta, ta fara.

Ta ce abin da ta gwada kaɗan ne, kada kowa ya ɗauke shi ya wuce haka. A cikin abin da ta gani, sau da yawa lambar na fitowa a karanta, wani lokaci rabinta ke fitowa, wani lokaci ba komai. Ta ce gaskiya ne ana iya goge ta, kuma ana iya canza allurar. Ta ce akwai bindiga mai juyi wadda ba ta tofar da kwanso sam, kuma bindigar sata ba za ta kai ka ko'ina ba sai ƙofar wanda aka yi wa satar. Ɓangaren dama ya ɓarke da tafi. Efren har da miƙewa tsaye, yana shelar cewa magagarin farce ma ya ishe shi ya goge ta.

"Zauna, Efren, ban gama ba," in ji ta, zaure ya yi dariya.

Ta ce yawancin bindigogin da ke zuwa teburinta, ko lambar da ke jikinsu a fili ba a goge ba, balle wadda ke ɓoye a ciki. Masu harbi daga tagar mota ba maƙera ba ne irin ƙanenta, da yawansu ko wanke bindigar ba su iya ba. Ta ce sunan wanda ya fara sayen bindiga ba shi ne sunan mai kisa ba, amma ƙofa ce da ɗan sanda zai ƙwanƙwasa, kuma a yanzu sau da yawa ba shi da ko ƙofa ɗaya. Sai hagu ta ɗauki tafi, dama ta yi tsit.

A nan ne Graciela ta miƙe, hoton Anselmo a ƙirjinta.

"Señora Lorna, tambaya ɗaya. Da akwai hatimin nan a kan kwanson da ke hannunki, da an kama wanda ya kashe mijina?"

Duk wanda ke wurin ya san amsar da matar nan take roƙo, kuma ba wanda zai ga laifin Lorna in ta ba ta.

"Mai yiwuwa ne," in ji Lorna. "Amma ba zan iya rantse miki ba."

"Mai yiwuwa?" in ji Graciela. "Shekarun nan duka ina zuwa ƙofarki, abin da za ki ba ni a gaban mutane ke nan?" Ta juya ta fita, mata da yawa suka bi ta.

A filin ajiye motoci kuma Efren ne ke jira. "Kin kyauta, Manang. Kin ba su sandar da za su doke ni da ita, kuma kin mai da ni abin dariya." Lahadin da ta biyo bai zo cin abinci ba. Ta gaba ma haka. Graciela kuwa in sun haɗu a coci sai ta kau da kai.

Ke ce, Manang, kika tsaya a tsakiyar zauren nan kika rasa mutum biyu a yini ɗaya, alhali kalma ɗaya ta isa ta riƙe miki ɗayansu. Ke ce kika koma gida kika dafa taliyar mutum biyu kika ci ke kaɗai. Waɗanda suka gan ki a makon sun ce idonki a kumbure yake. Amma Litinin da safe kin sayi burodinki biyu, kin koma gaban madubi, kuma ambulan ɗin matar da ta daina gaishe ki ba ta bar teburinki ba.

Da sanyi ya shigo aka rufe ruwan ban-ruwa kamar kullum, ma'aikata suka shiga kwashe laka daga magudanar da ta bi ta bayan unguwar kudu. A ƙarƙashin wata gada shebur ɗin ɗayansu ya daki ƙarfe. Ƙaramar bindiga ce, tsatsa ta cinye ta har ta zama kamar dunƙulen ƙasa. Pruitt ya ce da shi ne, da a kwandon ƙarafan da ake narkarwa zai jefa ta. Lorna ta jiƙa ta a mai, tana ɓamɓare tsatsar kaɗan-kaɗan da tsinken katako don kada ta ƙara wani ƙarzane nata. Ta yi makonni a kai. Da ƙarfen ya saki, ta ɗaure bindigar a bakin tanki, ta koma bayan garkuwa ta ja kunamar da igiya, don ba wanda ya san ko za ta fashe. Ba ta fashe ba. Ta ɗauki kwanson da ya faɗo, ta ɗora a baki ɗaya na madubi, ta ɗora na Anselmo a ɗayan. Ƙarzunan suka haɗu kamar an tsaga hoto an sake manna shi.

Saura suna. An goge lambar jikin bindigar da magagari, gogewar gaggawa. Amma lambar da aka buga a ƙarfe takan bar sawu a ƙarƙashin inda aka goge. Lorna ta goge wurin ya yi santsi, ta riƙa shafa masa ruwan asid da auduga, har lambobin suka taso ɗaya bayan ɗaya kamar fatalwa. Pruitt ya bi sawun lambar, ya dawo da la'asar fuskarsa a murtuke, ya rufe ƙofa.

"Manang, bindigar nan daga shagon Efren ta fito."

Pruitt ya ce nan take ta tattara bindigar da kwanson da duk abin da ta yi, ta ce a kai wa mai bincike na gundumar maƙwabta ya sake komai daga farko, domin daga yau hannunta bai kamata ya taɓa wannan shari'a ba. "Kai kuma ka je ka tambaye shi yadda za ka tambayi kowa," in ji ta. "Ba zan kira shi ba. Ko sunana kada ka ambata."

Efren bai karya doka ba. Wata budurwa ce mai suna Brandi Kessler ta saya, takardunta tsaf, ta jira kwanakin da doka ta ce a jira. Amma da Pruitt ya nuna masa hotonta, sai ya nemi kujera ya zauna. Ya tuna ta. Ya tuna tana ta waiwayen taga, wani mutum na zaune a mota a waje yana shan taba. Ya tuna da ya nuna mata guda biyu, sai bakinta ya suɓuce ta ce, "Baƙar ya ce." Ya ji maganar sarai, ya yi kamar bai ji ba.

Da aka sami Brandi a wani gari can arewa, ba ta wahalar da kowa ba. Ta ce shekarun nan duka ba ta iya jin ƙararrawar mai ƙanƙara ba tare da ta tuna bindigar nan ba. Ta faɗi sunan tsohon saurayinta, wanda laifuffukansa na baya suka hana shi saye da kansa. Mai binciken gundumar maƙwabta ya tabbatar da abin da Lorna ta gani. Kotu ta yanke wa mutumin ɗauri mai tsawo.

Bayan an gama shari'ar, wata Asabar da hantsi Efren ya ƙwanƙwasa ƙofar yayarsa, hularsa a hannu. "Manang, kin san gidan matar nan?"

Ta kai shi a motarta, ta tsaya a bakin titi. "Ni direba ce yau. Sauka."

Graciela ta buɗe ƙofa ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai magagarin farce."

"Ni ne, Señora. Kuma ni na sayar da bindigar."

"Na ji a kotu. An ce doka ba ta kama ka ba."

"Ba ta kama ni ba. Amma na ga mutumin a mota, na ji abin da yarinyar ta ce. Da na ce mata a'a, ba wanda zai ce na yi laifi. Ban ce ba. Abin da na zo in faɗa miki ke nan."

Shi kansa ya ce ya yi zaton a fuskarsa za ta rufe ƙofar. Sai ta matsa gefe. "Shigo, kofi na kan wuta. Kuma ka je ka kira yayarka, kada ta gasu a mota. Taurin kan gidanku ɗaya ne."

Ba su gama kofin farko ba gardama ta tashi.

"Ka gani ko?" in ji Graciela. "Da akwai hatimin, a makon farko za su isa wurin yarinyar nan. Ba sai na yi shekaru ina jiran a kwashe laka ba."

"Señora, mutumin da ya goge lambar waje, allura ce za ta gagare shi?"

Suka juya su biyun suka zuba wa Lorna ido.

"Lambar waje ya goge domin yana ganinta," in ji ta. "Allura tana ciki. Ko ya san da ita, ko bai sani ba, shi kaɗai zai faɗa muku."

Graciela ta ajiye kofi, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. "Wannan matar! Ko ranar haihuwarta ka tambaye ta, cewa za ta yi a ba ta lokaci ta gwada."

Kada mai karatu ya zaci sun shirya a kan dokar. Har gobe Graciela na zuwa Sacramento, har gobe Efren na cewa ɓata lokaci ne. Amma yanzu in mai saye ya shigo shagonsa yana waiwayen taga, Efren yakan rufe akwatin gilashi ya ce yau ba ciniki. Da masu shaguna irin nasa suka yi taronsu na shekara, shi ya kai Graciela ta yi musu magana, kuma an ce manyan mutane masu gemu sun riƙa share ido da bayan hannu. Ita kuma in 'yan ƙungiyarta suka fara cewa hatimi zai kawo ƙarshen kisa, takan ɗaga hannu ta ce, "A'a, kada mu faɗi abin da ya fi ƙarfin gaskiya. Zai taimaka, wannan ma ya isa mu yi yaƙi a kai."

A walimar ritayar, wadda aka yi a filin bayan coci, su biyun ne suka sanar da abin da suka ƙulla. Efren ya ba da filin gwajin harbi na bayan shagonsa da bindigogi iri-iri, tsofaffi da sababbi. Ƙungiyar su Graciela ta samo wani injiniya da zai zana hatimi a kan allurai. Lorna za ta karanta kwanson, dubbai, ba 'yan kaɗan irin na da ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya musu: duk abin da ya fito, a bayyana shi gaba ɗaya, ko wa ya ɓata wa rai.

Asabar da ta wuce na leƙa su. Efren na harbi, Lorna na zaune a inuwa da madubin aro, Graciela kuwa, wadda ba ta taɓa yarda ta taɓa bindiga ba kuma ta ce ba za ta taɓa ba, tana sanye da abin toshe kunne, tana tattara kwanso da tsintsiya da abin kwasar shara.

"A hankali, Señora, kada ki ƙarje su ki ce ni na goge!" in ji Efren.

"Kai dai yi harbinka, maƙeri. Na fi ka sanin tsintsiya."

Ba wanda ya san abin da gwajin zai nuna, kuma ba a wannan filin za a yanke wa jiha hukunci ba. Amma a ƙasar da maganar bindiga ke raba uba da ɗa, na ga mai sayar da ita da matar da ta mayar gwauruwa suna jiran amsa ɗaya daga bakin mutum ɗaya, kuma dukansu sun yarda ba za ta yi musu ƙarya ba.

Manang Lorna, mai haƙurin sunkuyo, mun gode. Mun gode a madadin Anselmo, da sauran waɗanda ba mu san sunayensu ba da kika tsaya musu bayan kowa ya gaji. Mun gode da kika nuna mana cewa mutum na iya son ƙanensa, ya tausaya wa mai takaba, kuma ya ƙi sayar wa ko ɗayansu da gaskiya. Allah ya ba wuyanki hutu, ya ƙara wa idonki haske.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, da mu sauran da ke da ra'ayi mai zafi a dama ko a hagu, wata rana za a miƙo mana abin magana a zauren da ya cika, wani da muke ƙauna ya tsaya yana roƙonmu da ido mu ƙara gishiri kaɗan. Ranar, mu tuna akwai wata 'yar gajeruwar mata a garin nan da aka yi wa wannan roƙon, ta ƙi, kuma yau mutanen biyu da ta ɓata wa rai su ne ke rigimar wanda zai riƙe mata lema.